Gaɓar Hausa da Fi'ilin Faransanci: Tarihin Hanya Biyu

I

Wanda ya saba zuwa kasuwar Makarfi sa'ad da rake ya nuna, ko kuwa ya tsaya Tashar Yari a bakin hanyar Zariya zuwa Kano, ba zai rasa jin Hausa iri biyu ba. Akwai ta 'yan gari, watau Zazzaganci, akwai kuma ta baƙi, fatake da 'yan ci-rani waɗanda su ka fito daga wajen Maraɗi da Damagaram. Baƙon nan in ya ga babbar mota sai ya ce kamiyo. Takardar tuƙi a wurinsa farmi ce, makaranta lakwal, malaminta kuwa mushe. Duk waɗannan kalmomin Faransanci ne, amma ba ya tuntuɓe da ko ɗaya, don tun zamanin kakanninsa a ka sassaƙe su, su ka zauna daidai da bakin Bahaushe.

Ba nisa da nan, a makarantun sakandare na Ikara da Makarfi da Hunƙuyi, inda a ka sami malamin Faransanci, yara su na fama da harshen nan ta wata hanya dabam. An rubuta musu "ils parlent" a allo, su kuwa su na karantawa "ils par-lent", harafi bayan harafi, alhali mai harshen ba ya furta kome bayan l ɗin. Ga Hausawa biyu, harshen uwarsu ɗaya, Faransanci ya zo wa ɗaya ta kunne, ya zo wa ɗaya ta ido. Abin da mu ke so mu bi sawunsa a wannan takarda shi ne yadda a ka yi hanyar ta rabu biyu, da abin da rabuwar ta jawo wajen yanka gaɓoɓin fi'ili, watau abin da malaman nahawu na baya su ka sa wa suna aikatau.

II

Asalin abin siyasa ce ta Turai. A shekarar 1890 Ingila da Faransa su ka ja layi a takarda, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tabkin Chadi. Su ka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila su ka bi ƙasa su na kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Kafin a gama wannan, Faransawa sun riga sun ci Damagaram a 1899, Ingilishi sun shiga Zariya a 1902, Kano da Sakkwato kuwa a 1903. Ikara da Makarfi da Kudan, da ya ke ƙasar Sarkin Zazzau ce, su ka faɗa rabon Ingilishi. Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dā su ka kafa gari bayan jihadi, ta faɗa rabon Faransa.

Masu mulkin nan biyu ba su ɗauki harshen Hausa da daraja ɗaya ba. A kudancin iyaka, Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa a ke koyarwa. Daga baya a ka kafa ofishin talifi a Zariya a hannun Rupert East, a ka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Saboda haka yaron Zazzau ya fara sanin boko cikin rubutun da kowane harafi ya ke da aikinsa, abin da a ka rubuta shi a ke faɗa. A arewacin iyaka kuwa makarantar gwamnati ba ta san wani harshe ba sai Faransanci, har a kan hori yaron da a ka ji ya yi harshen gida. Amma waɗanda su ka shiga makarantar kaɗan ne ƙwarai. Yawancin jama'a a bakin soja da gardi da tafinta da direba su ka tsinci Faransanci, da wurin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946.

III

Kafin mu duba abin da Hausa ta yi wa fi'ilin baƙo, sai mu tuna da dokar gaɓarta. Gaɓar Hausa iri uku ce tak. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "ci". Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar gaɓar farko ta "rana" da ta "kauna". Akwai baƙi da wasali da baƙi, kamar gaɓar farko ta "fuska". Daga wannan abubuwa uku su ka fito. Na ɗaya, baƙi biyu ba su haɗuwa a farkon gaɓa ko a ƙarshenta. Na biyu, babu gaɓar da ta ke farawa da wasali. Kalmomi irin su "aiki" da "ido" da hamza su ke farawa, boko ne kawai ba ya rubuta ta, amma mai rubutun ajami ya san da ita, tun da ya kan sa alif ko ain. Na uku, yawancin kalmomin Hausa na asali da wasali su ke ƙarewa.

Har baƙin da ya rufe gaɓa ma Hausa ba ta bar shi ya sake ba. Wani malami Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna a 1928 cewa baƙaƙe da yawa sun raunana a wannan gurbi. Shi ya sa mu ke da "talaka" amma "talauci", inda k ta narke ta zama u. Shi ya sa kuma Bazazzagi da Bakano su ke cewa zauna, sauka, aure, auduga, alhali mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi su na riƙe da zamna, sabka, amre ko arme, abduga. Mai karatu ya riƙe wannan, gama zai ga Faransanci ma ya yi irin wannan zaizayar, sai dai shi a ƙarshen kalma ya yi ta, kuma rubutunsa bai bi bakinsa ba.

IV

Faransanci daga Latin ya fito. A Latin, fi'ilin da ke nufin rera waƙa ya na da siga shida, kowace da ƙarshenta: canto, cantas, cantat, cantamus, cantatis, cantant. Wutsiyar fi'ili ita ke gaya maka ko ni ne, ko kai, ko su, ba sai an kawo wakilin suna ba. Da zamani ya yi nisa, mutanen arewacin Faransa su ka riƙa haɗiye ƙarshen kalma, baƙi ya faɗi, wasalin da ya rage ya dushe, har kafin ƙarni na 17 ya ƙare yawancin wutsiyoyin nan sun bar baki. Rubutu kuwa ya tsaya inda ya ke. Sarki Faransuwa na Ɗaya ya mai da Faransanci harshen shari'a da takardun mulki a 1539, a ka kafa majalisar kula da harshe a 1635, ta fid da ƙamusunta na farko a 1694, ta bi tsohon rubutu. Majalisar nan ba ta da gaggawa. Ƙarshen fi'ili da a ke rubutawa -ois, an daɗe da komawa furta shi kamar -ais, Voltaire ma ya yi ta kiran a gyara, amma ba ta yarda ba sai a bugu na shida, a 1835.

Ga abin da ya fito. Yau a na rubuta chante, chantes, chante, chantons, chantez, chantent, siga shida a ido, amma uku ne a kunne, don ta ɗaya da ta biyu da ta uku da ta shida furucinsu ɗaya. Haka parler, parlé, parlez, duk "par-le" ne. Haka parlais, parlait, parlaient, ba abin da ya raba su sai alƙalami. Da wutsiya ta daina aiki, sai nauyi ya koma gaba, wakilin suna ya zama tilas: je, tu, il, ils.

To, a nan ne abin ya shafe mu. Ashe Faransancin baki ya fi kusa da Hausa bisa ga Faransancin takarda. Mu ma cewa mu ke yi na tafi, ka tafi, ya tafi, sun tafi, fi'ili na zaune wuri ɗaya, abin da ke gabansa shi ke sakewa. Yaron Kudan da a ka ba jadawali mai gida shida ya hardace, an ɗora masa wahalar rubutun ƙarni na 17 ne tun bai gane cewa ginin maganar irin na gidansu ne ba.

V

Yanzu sai mu bi hanyar kunne. Mutumin Maraɗi da ya ji "l'école" bai san cewa l ɗin farko kalma ce dabam ba, sai ya ɗauke ta tare da sunan. Gaɓar ƙarshe kuwa, da ya ke rufaffiya ce, o ba ya zama cikinta da daɗi a Hausa, sai ya koma "wa" bayan k, a ka sami lakwal. Wannan doka ce ta ba mu kwalta daga Turanci a wannan gefe. Wasalin hanci na ƙarshen "camion" ya zube, a ka sami kamiyo. "Gendarme" ya ƙare da baƙi biyu a baki, sai a ka jingina masa wasali, ya zama jandarma. "Permis" ya zama farmi, ba s a ƙarshe, don ba wanda ya taɓa jin s ɗin. Galibi kuma murya ta kan tashi a gaɓar ƙarshe ta irin waɗannan kalmomi, domin a can Faransanci ya ke sa nauyinsa.

Fi'ili fa? Hausa ba ta cika aron fi'ili kai tsaye ba, gama fi'ilinta ya na da tsari mai tsanani na wasalin ƙarshe da karin sauti, wanda F. W. Parsons ya kasa aji bakwai a 1960. Kaɗan ne su ka sami shiga wannan tsari, kamar canja, wanda har ya haifi canjo da canje. Abin da ta saba yi shi ne ta mai da fi'ilin baƙo suna, ta sa "yi" a gabansa. A Nijeriya mu kan ce ya yi fasin, ya yi fakin, ya yi ritaya. A Nijar kuwa sai ka ji ya yi pase, sun yi bote, na yi sinye, daga passer da voter da signer. Ka lura da sigar da a ka zaɓa. Cikin dukan sigogin fi'ilin, an ɗauki mai ƙarewa da -e.

Dalili uku ne, a ganinmu. Na farko, ita ce kunne ya fi ji, tun da siga uku na rubutu, masdari da sigar abin da ya wuce da ta umurni, sun taru cikin furuci ɗaya. Na biyu, ta dace da gaɓar Hausa sarai, pa-se, bo-te, kuma mu na da namu fi'ilai masu irin wannan ƙarshe, su rufe, buɗe, ƙare. Na uku na tarihi ne. Sojan Afirka ta Yamma da Faransa ta fara ɗauka tun 1857 ba cikakken Faransanci a ke yi musu ba. A 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, har littafi a ka buga don hafsoshi, mai koya musu wani gurguntaccen Faransanci na yi wa sojan nan magana, inda a ke barin fi'ili a siga ɗaya, ba a juya shi. Reni ne ya haifi wannan dabara, amma sojan da su ka komo gida da ita su ka komo, kuma su na cikin waɗanda talakawa su ka fara jin harshen a bakinsu.

VI

Hanyar ido ta zo a makare. Makarantun Jihar Arewa na zamanin Turawa Turanci da Larabci su ka sa gaba. Bayan samun mulkin kai a 1960, da Nijeriya ta ga maƙwabtanta huɗu, Dahomey da Nijar da Chadi da Kamaru, duk da Faransanci su ke aiki, sai a ka fara kula. Wani taron masana a Yawunde a 1961 ya ba da shawara ƙasashen da ke Turanci su koyar da Faransanci, masu Faransanci su koyar da Turanci. Jami'ar Ahmadu Bello da a ka buɗe a Zariya a 1962 ta zama wurin horon masu koyar da shi a Arewa. A 1991 a ka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya yi shelar mai da shi harshen hukuma na biyu, a ka shigar da haka cikin manufar ilmi ta ƙasa a 1998.

Sai dai yaron Ikara ta bakin Turanci a ke kai shi ga Faransanci, littafin da Turanci ya ke bayani, malamin ma haka. Watau gada biyu zai haye, ta farkon kuwa ba ta da ƙarfi. Wuraren tuntuɓensa huɗu ne, kowanne kuwa ma'ana ya ke ɓatawa.

Na ɗaya, ƙarin wasali. "Il parle" a baki "parl" ne, gaɓa ɗaya mai ƙarewa da baƙi biyu, abin da Hausa ta hana. Yaro sai ya buɗe ta, ya ce "par-le", ga shi kuwa ya ga e a rubuce. Da faɗin haka ya bar "ya na magana" ya koma sigar abin da ya wuce, ko ta umurni. Haka "ils partent", su na tashi, wanda a baki "part" ne. In ya jingina masa i, yadda mu ka yi wa fenti da kati, ya faɗi "parti", wanda ya riga ya tashi. Dabarar da ta gyara jandarma ita ce ta ke ɓata fi'ili, don a suna wasalin ƙarshe ba ya ɗauke da kome, a fi'ili kuwa shi ne lokaci.

Na biyu, yar da baƙi. Yaron da a ka tsawata wa kan ƙarin wasali ya kan koma ya datse baƙin ƙarshe ɗungum. Amma a fi'ilai masu yawa baƙin nan shi kaɗai ya raba tilo da jam'i, tun da il da ils furucinsu ɗaya: il finit da ils finissent, "fi-ni" da "fi-nis", il dort da ils dorment, "dor" da "dorm", il part da ils partent, "par" da "part". In an datse, mutum goma sun koma ɗaya.

Na uku, hamza. Faransanci ba ya tsai da gaɓa a iyakar kalma. Baƙin ƙarshen kalma ya kan tsallaka ya hau wasalin da ke biye, har wanda ya ke barci ya kan farka. "Il aime" a na yanka shi "i-lem", "ils aiment" kuwa "il-zem". "Nous avons" shi ne "nu-za-von". Bahaushe, da ya ke kowace gaɓa tasa da baƙi ta ke farawa, sai ya cusa hamza, ya ce "il 'em" a duka biyun, jam'i ya ɓace. Har wa yau "ils ont", su na da, da "ils sont", su ne, z da s kaɗai su ka raba su. Amma a lura, wannan tsallake da kansa ya na mai da maganar gaɓoɓi irin namu. "Nu-za" da "i-lem" ba su da wuya a bakin Bahaushe ko kaɗan, idonsa ne ya ga fili tsakanin kalmomi ya tsaya.

Na huɗu, sautukan da ba mu da su. Hausa ba ta da v, sai ta mai da ita b. To, "je vois" na gani ne, "je bois" na sha, haka "j'ai vu" da "j'ai bu". Sa'an nan wasalin "je" ba ya cikin wasulanmu biyar, yaro ya kan furta shi kamar na "j'ai", sai "je finis" da "j'ai fini" su zama ɗaya, mai gamawa da wanda ya gama. Baƙin j kuwa, mutumin Maraɗi ya fi Bazazzagi sa'a, don j ta Hausarsa mai laushi ce, kusan irin ta Faransawa. Game da r ta maƙogwaro, wadda malamai su ke ɓata lokaci a kanta, ba ta sake ma'anar kome, jama'a da yawa a Afirka da r ta harshe su ke Faransancinsu, a na kuwa fahimtarsu.

VII

Abin da tarihin nan ya ke nuna wa malamin kwalejin horon malamai a fili ya ke. Kakannin mutanen Maraɗi sun sami furucin da ya zauna a baki, amma ba su sami juya fi'ili ba, gama ba a nufe su da shi ba. 'Ya'yan Zazzau sun sami jadawalin juyawa cikakke, amma ba su ji yadda a ke faɗarsa ba. Kowane ɓangare rabi ya riƙe. Malamin da ya san dokar gaɓar Hausa ya na iya haɗa su. Ya fara da baki kafin allo, siga uku kafin shida. Ya yanka jimla gaɓa gaɓa da haruffan Hausa, yara su tafa hannu su na ƙirgawa, yadda mai koyon waƙa ya ke auna ƙafar baiti. Ya jera kalmomi bibbiyu, par da part, vu da bu, ya tambayi ma'ana. Baƙin ƙarshe ma ba baƙo ba ne gare su sarai, tun da su na cewa takwas da biyar da mutum, su na cewa fes da tak da wuf. Sai bayan kunne ya kama za a nuna musu haruffan da ba a furtawa, a gaya musu labarin yadda su ka mutu a baki su ka rage a takarda.

Al'amura kuma sun juya a hayin iyaka. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram a 1973. A watan Maris na 2025 ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, sabuwar dokar mulkinta kuma ta kira Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Wani zai ce, to, me ya rage na wahalar da yaran Makarfi? Amsa ita ce, takardun mota da na kwastan da na asibiti da na jami'a ba su sake harshe dare ɗaya, ga kuma Binin da Chadi da Kamaru. Amma ko ba don wannan ba, akwai aikin da ke jiran sashen Hausa. Kalmomin nan da su ka shigo ta kunne, su lakwal da farmi da sinye, shaida ce ta yadda Hausa ta ke yanka gaɓa in an bar ta da kanta, ba malami ba allo. Tsofaffin da su ka karɓe su daga bakin soja sun kusa ƙarewa, jikokinsu da su ka yi lakwal kuwa furucin littafi su ke bi. Ɗalibin Zariya da ke neman abin bincike ba sai ya ƙetare iyaka ba tukuna. Ya tafi kasuwar Makarfi da kakar rake, ya zauna kusa da masu lodi, ya rubuta abin da ya ji yadda ya ji shi.